Waiwaye: Jarkar Ruwa a Bayan Kujerar Direba

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, da wuya ka shiga Hiace ko Amjad a Hajj Yusuf ba ka ga jarkar ruwa a bayan kujerar direba ba. Ta mota ce, ba ta sha ba. Daga Suk Sitta zuwa Bahri, ko a tsallaka gadar Manshiya a shiga Khartum, tafiya ce ta cunkoso, ga zafin Mayu da Yuni da ke haura digiri 40, ga ƙurar habub tana toshe fuskar lagireto. Shi ya sa kusan kowa ya yarda cewa mota tana shan ruwa kamar yadda jakin mai amalanke ke sha: a ba ta da safe, a ƙara mata da azahar. Wannan yarda ta ci injina masu yawa, kuma na talakawa ne, waɗanda motar ce abincin gidansu.

Mota lafiyayya ba ta shan ruwa. Ruwan da ke cikinta zagayawa yake yi a rufe, daga injin zuwa lagireto ya dawo. Murfin lagireto ma ba murfi ba ne kawai, shi ke riƙe matsi. A yawancin motocin Japan da Koriya za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da an samu ɗan huji, matsi ya zube, ruwa ya tafasa da wuri, tururi ya ƙara tura shi waje. Mai ƙara ruwa kullum yana ɓoye ciwo ne kawai.

Wannan na koye shi ne a wurin wani dattijon bakanike a unguwarmu, Bahaushe jikan alhazan da suka taho Makka a ƙasa suka zauna a Sudan, wanda ya koyi aiki a unguwar masana'antu ta Bahri. Ina zaune a rumfarsa wani yaro direba ya kawo Hiace tana huci.

"Usta, zafin gari ne kawai. A cire mini tamostat in tafi, fasinja na jira."

"A'a, ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Bar ta nan ta kwana."

Bai taɓa ta ba sai da ta huce. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe ya duba inda ɗigon ya sauka. Daga nan ya ɗaura ɗan famfonsa na hannu a bakin lagireto, ya buga iska daidai lambar da ke kan murfi, ya tsaya yana kallon allura. Ta soma sauka a hankali. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da yatsa, yana neman wanda ya kumbura, ko ya yi laushi, ko ya bushe ya tsage a gindin kilif. Ya duba gaɓar da tankin roba ya haɗu da ƙarfen lagireto, domin nan zafi ya fi cinyewa a motocin zamani. Can ya haska tocila ƙarƙashin famfon ruwa, ya nuna wa yaron wani farin sawu da ya bushe a bakin ɗan ramin da ke jikinsa. Ramin nan da gangan aka yi shi, don in robar cikin famfon ta mutu ruwa ya fito ta nan ya ba da labari. Famfo aka canza, aka sa sabon murfi, tamostat kuwa yana nan inda yake.

Abin da ya fi tsoro shi ne yoyon da ba ya taɓa ƙasa. In ruwa na raguwa, kwali kuma a bushe, sai ya duba salansa ko tana fitar da farin hayaƙi mai ɗan ƙamshin zaƙi bayan injin ya ɗumama, ya duba ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya ga ko ya koma kalar shayi da madara. In haka ne, gaskit ɗin kan injin ya ƙone, kuma sau da yawa ƙaramin yoyon da aka yi watanni ana rainawa ne ya kai shi can.

Har yau ina jin takaicin dabarun bakin hanya. Garin barkono, ɗanyen ƙwai, ganyen shayi, duk na ga an zuba a lagireto. Suna iya kai mutum gida in dare ya yi masa a daji, amma abin da ya toshe huji shi ne zai toshe siraran hanyoyin ruwan. Haka ruwan rijiyar burtsatse da ake saye a ganga: yana barin ɓawo da tsatsa a ciki. Ruwan sanyaya injin na gaskiya, kore ko ja, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma yana ɗaga ma'aunin tafasa. Sai dai guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai baki. Murfi kuma ba a buɗe shi injin na da zafi, ko da tsumma. Na san fuskokin da suka saɓule ta haka.

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane ke komawa gidajensu. Da yawa ba su tarar da motocinsu ba. Ɗan'uwa, in kana cikin waɗanda suka tarar da tasu, ka sani motar da ta yi shekara biyu a tsaye cikin ranar Sudan tiyonta ya bushe, robar famfonta ta ƙage, ruwan cikinta ya zama tsatsa. Kafin ka ɗauki fasinja, ka zubar da tsohon ruwan, a wanke lagireto, a canza tiyon da ya tsage da murfi, sannan a buga mata famfo tana sanyi a ga ko allura za ta tsaya.