Kafin a sayi na'urar golf ta cikin ɗaki, a fara sayen raga

Tun da aka fara gasar TGL a Amurka cikin Janairun 2025, wadda Tiger Woods da Rory McIlroy suka assasa, bidiyon 'yan wasa suna narka wa wani makeken allo ƙwallon golf yake ta yawo a TikTok da YouTube. A Koriya ta Kudu kuwa abin ya daɗe da zama sana'a, domin shagunan da ke amfani da na'urorin kamfanin Golfzon sun cika birane, kamar yadda shagunan gem da gidajen kallon ƙwallo suka cika unguwanni daga Sheka zuwa Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso.

Farashin kayan ma ya sauko. Na'ura irin Garmin Approach R10, wadda ta fito a 2021, ba ta fi tafin hannu girma ba, kuma da waya ake haɗa ta. Mutum ya buga ƙwallo, ita ta auna gudu da inda ta dosa, waya ta nuna masa inda za ta faɗi da a fili yake. Don haka matashin da bai taɓa taka Kano Golf Club ba zai iya fara lissafin kafa abin a ɗakinsa, mai shagon gem ma haka.

Sai dai yawancin masu wannan lissafi daga sama suke farawa: na'urar awo, majigi, kwamfuta, talabijin. Raga da labulen kariya sai in kuɗi sun rage. Wannan kuskure ne, kuma a ɗakunan Kano ya fi tsada fiye da a wuraren da ake ɗaukar waɗancan bidiyoyi.

Ƙwallon golf ba ta wuce giram 46 ba, faɗinta kuma santimita 4.3 ne. Amma tauri gare ta kamar dutse, kuma ɗan koyo mai ƙarfin hannu ma zai iya harba ta da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ƙwararru suna kaiwa 270 har su wuce. Dutsen danƙo bai kama ƙafar wannan ba, kuma kowa ya san abin da dutsen danƙo yake yi wa gilashin taga.

Matsalar ba bugu mai kyau ba ce, shi allo yake nufa. Matsalar ita ce wanda ya kuɓuce. Idan ƙwallo ta haɗu da wuyan sandar maimakon fuskarta, sai ta fice gefe, ga mai bugu da dama ta nufi dama. Na'urori masu kyamara irin SkyTrak a wannan ɓangaren ake ajiye su, dab da ƙwallon, shi ya sa ake sayar musu da akwatin ƙarfe na musamman. Wanda ya biya dala dubbai ya ƙi sayen akwatin, caca yake yi da dukiyarsa. Wani bugun kuma sandar takan shige ƙarƙashin ƙwallon ta tashi tsaye, kai tsaye zuwa silin, inda majigi da fanka da fitila suke rataye. A shagon da za a riƙa karɓar kuɗi ana miƙa wa kowa sanda, kusan duk mai shigowa ɗan koyo ne, irin wannan bugun kullum sai an yi shi.

Ga inda Kano ta bambanta. Masu bidiyon waje galibi a gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke kafa nasu, bango na katako da allon farar ƙasa, wanda ƙwallo ke hudawa ta mutu. A nan bango bulo ne da filasta, ƙasa tayil ko siminti. Ba abin da ke shanye ƙarfin ƙwallon. Ta bugi bango ta dawo, ta bugi tayil ta sake tashi, sai ta sami abin da zai tsayar da ita: fuskar waya a kan sandar ɗaukar hoto, inbata da baturan sola da ke kusurwa, ko idon abokin da ya tsaya kallo. Allon waya ana canza shi a Farm Centre ko titin Beirut. Ido ba a sayar da shi a can. Garantin kamfani kuma lahanin ƙira yake ɗauka, ba ya biyan abin da ƙwallo ta fasa, balle kayan da aka yo odarsu daga waje.

Abin daɗin shi ne kariyar ita ce ɓangaren da ba sai an yi oda ba. Mai walda zai haɗa firam na bututun ƙarfe da kayan kasuwar Ƙofar Ruwa, mai katifa ya yanko soso a naɗe bututun, domin ƙarfe tsirara shi ma yana mayar da ƙwallo. Bangon gefe a rufe shi da labule mai nauyi ko tsohuwar darduma, ƙasa a shimfiɗa kafet tun daga wurin bugu har gindin allo. Sama ma tana son raga, kuma wannan ce aka fi mantawa da ita.

Ba kowace raga ce ke aiki ba. Ragar gola idonta ya yi faɗi, ƙwallon golf za ta wuce ta ciki ko taɓa zare ba ta yi ba. Irin ragar da manoman shinkafa na yankin Kura da Bunkure ke rufe gona da ita saboda tsuntsaye kuwa ƙarfinta na tare jan baki ne, ba na tare harbi ba. Ana son mai ƙananan idanu da zare mai kauri, in da hali a ninka ta biyu. Sannan kada a ɗaure ta tamau. Raga ko allon da aka ja ya miƙe kamar fatar ganga zai dawo wa mai bugu da ƙwallonsa. A bar shi da ɗan sako-sako, a kuma bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da bango, don ya sami wurin lotsawa.

Mai shago zai ce duk wannan zai ɓata kyan wurin, ya cinye fili, ya jinkirta buɗewa. Gaskiya ne. Ɗakin da silinsa bai kai kusan mita 3 ba ma bai dace ba tun farko, kuma fankar sama dole ta sauka, wanda a zafin watan Afrilu ba ƙaramin abu ba ne. Amma masana'antar gem ta taɓa gwada dogaro da hankalin mai wasa. A ƙarshen 2006 rimot ɗin Wii ya riƙa suɓucewa daga hannun mutane yana fasa talabijin, har Nintendo ya yi tayin canza igiyoyin hannu miliyan 3.2, daga baya ya ƙara da rigar roba. A Birtaniya, kamfanin inshora na Aviva ya ce buƙatun diyya masu alaƙa da gilashin VR sun ƙaru da kashi 31 cikin ɗari a 2021, akasari talabijin ne suka sha kashi. Waɗannan ko ƙwallo babu a cikinsu, hannu ne kawai.

A yi hattara kuma kada kariya ta zama wata ɓarnar. Majigin da aka kulle cikin akwatin katako ko soso zafi zai kashe shi kafin ƙwallo ta same shi, ga ƙurar hunturu tana toshe masa hanyar iska. Keji na waya mai barin iska ta ratsa shi ne daidai. Na'urori masu aiki da rada kuma, irin R10, a bayan mai bugu ake ajiye su, kamar taku biyu ko uku, kuma tarin ƙarfe ko fanka mai juyawa a kusa kan rikita musu awo. Waya ma a bayan take zama, ba a gefe ba, komai son ɗaukar bidiyon da za a ɗora.

Wanda kuɗinsa bai kai ya haɗa duka lokaci guda ba, ya fara da firam da raga da tabarmar bugu da ƙwallayen soso. Ya yi wata guda yana bugu, yana lura da inda waɗanda suka kuɓuce ke faɗawa. Duk wurin da ƙwallon soso ta taɓa fiye da sau ɗaya, ba a rataye majigi ko ajiye talabijin a nan.