A Daina Liƙe Wa Mota Baki da Baƙin Salatif

Kawuna yana da wata Corolla 'yar Amurka, ƙirar 2007, da yake zirga-zirga da ita tsakanin Roni da Kazaure, wani lokacin har Kano. Ranar da na fara tuƙa ta sai na ga wani guntun baƙin salatif manne a gilashin mita. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Wutar cek ce take damun idona da daddare, shi ne yaron gareji ya rufe mini ita." Na ɗaga salatif ɗin da farce. Tana nan, ruwan ɗorawa, tana ci abinta. Ya ce ta fi shekara a haka, kuma motarsa ko tari ba ta yi. Na mayar da salatif ɗin yadda na same shi, don ba a gardama da kawu a cikin motarsa. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan mayarwar.

Bayan wata uku motar ta fara rawa. Aka ce masa man bumburutu ne, ya bari ya ƙare zai washe. Ya je Kano da ita ya dawo tana karkarwa kamar mai masassara. Abin da bai sani ba shi ne, a ƙarƙashin salatif wutar ta daina tsayuwa wuri ɗaya, ƙiftawa take yi. Wutar cek mai ƙiftawa kuwa ma'anarta ɗaya ce: inji ba ya ƙona mai daidai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa, ka sauka daga titi. Da muka sa mata na'ura sai lambobi uku suka fito. P0302, wato silinda ta biyu ba ta kama wuta, kwayil ya mutu. P0420, wato matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi ta gaji, ɗanyen man ya dafa ta. Sai tsohuwar lambar da ta fara kunna wutar tun bara, P0455. Da aka bi diddiginta, murfin tanki ne. Na ainihin ya ɓata a wani gidan mai, aka sayo masa wani da bai zauna daidai ba.

Murfi ya kunna wuta, aka rufe wutar, rufewar ta cinye indomi. Ga dukan labarin.

Ba don kawu kaɗai nake wannan rubutu ba. Ka shiga motocin gida goma a Kazaure ko Babura ka leƙa mitarsu, ka dawo ka gaya mini nawa ne wutar nan ba ta ci. Mun mayar da ita kayan ado. Har karatu muka haddace a kanta: "Alhaji, ai duk motar da ta sha man Najeriya sai ta kawo ta." "Ai dokar Turawa ce, ba ta shafe mu ba." Wani ya cire mata ƙwai gaba ɗaya, wani ya zare kan batir na minti biyar ta mutu, ya karɓi kuɗin aiki. Ni a wurina wannan ba gyara ba ne, gyaran gangar Auzinawa ne, kuma mu masu motoci da hannunmu dumu-dumu a ciki.

Bari in faɗi abin da wutar take ƙoƙarin gaya wa kawu, don yawancinmu ba a taɓa yi mana bayaninsa ba.

Fetur ba ya zama shiru a tanki. Ko mota a ajiye take yana ta fitar da tururi, kuma da zafi ya ƙaru sai tururin ya ƙaru. A da motoci sakinsa kawai suke yi a iska. Daga 1970 a jihar Kalifoniya, sannan 1971 a sauran Amurka, doka ta ce a kama shi. Sai aka rufe tanki ruf, aka ja tiyo daga shi zuwa wani gwangwani cike da gawayi na musamman. Gawayin ya shanye tururin ya riƙe. Idan inji ya ɗau zafi, ƙwaƙwalwar mota ta buɗe wani ɗan bawul, inji ya zuƙe tururin ya ƙona shi tare da sauran mai. Akwai kuma bawul na biyu da ke barin iska mai tsabta ta shiga gwangwanin. Wannan tsari shi ake taƙaita sunansa da EVAP. Daga 1996 kuma aka wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD2, mai ɗan soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tun daga nan mota ta koyi gwada tankinta da kanta: ta rufe ƙofofin, ta zuƙe iskar ciki, ta saurara ko akwai inda take shigowa. Da farko hudar da ta kai milimita 1 take nema, daga baya aka matse zuwa rabin milimita. Ka dubi bakin allurar ɗinki, kusan shi ke nan.

Idan ta sami babbar ɓaraka sai ta rubuta P0455. Ƙarama, P0442. 'Yar mitsitsiya, P0456. Idan inji ba ya zuƙar tururin yadda ya kamata, P0441. Idan matsalar a ɓangaren shaƙar iska take, P0446, kuma wannan ta ƙarshe ya kamata duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Gwiwa da Roni ya san ta, don ƙurar hunturu da taɓon damina ba abin da suka iya kamar toshe wannan ƙofa.

(Masu wasu Toyota 'yan Amurka kan ji wani ɗan gurnani daga ƙarƙashin mota da tsakar dare, kamar awa biyar bayan an kashe ta. Na san gidan da aka tofa wa mota addu'a saboda shi. Ɗan famfon gwaji ne yake aikinsa, kuma an rubuta haka a littafin motar, wanda tun a Kwatano aka yar.)

To yanzu ga inda nake da rigima da masu na'ura, waɗanda muke kira masu kwamfuta. Lamba ba sunan kayan da za ka saya ba ce. P0455 ba ta ce "canza gwangwanin gawayi" ba. Cewa ta yi, na gwada, iska tana shiga ta wani wuri, ka nemo. Wurin yana iya zama robar murfi da ta tsage, ko tiyo da rana ta busar, ko wuyan tanki da tsatsa ta ci, abin da ke yawan samun motocin da suka yi shekaru a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Yana iya zama bawul ɗin zuƙa ne ya maƙale a buɗe. Mai aikin gaskiya daga murfi yake farawa, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya cire bawul ya hura ya ga ko yana riƙe iska, in ta kama ya cusa hayaƙi cikin tsarin da injin hayaƙi ya ga inda zai ɓullo. Amma abin da muka saba gani iri biyu ne. Ko dai ya karanta lambar ya tura ka Ƙofar Ruwa ka sayo gwangwani ɗan gwanjo wanda ba wanda ya gwada shi, ko kuma ya danna goge, wuta ta mutu, ya ce, "Oga an gama."

Kuma sai ka yarda an gama, saboda wutar takan yi kwanaki ba ta dawo ba. Dalilin ba gwanintarsa ba ce. Motoci da yawa ba sa yin wannan gwaji sai man tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari, kuma sai inji ya huce, zafin gari bai wuce digiri 35 ko makamancin haka ba. Ka haɗa wannan da rayuwarmu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, allurar man mutane da yawa a ƙasa take kwana a ƙasa take tashi. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a Jigawa. Mota sai ta yi sati ba ta sami damar gwajin ba, kuma a ƙa'ida sai ta faɗi gwajin sau biyu a jere kafin ta kunna wuta. Ranar da albashi ya shigo ka zuba rabin tanki, gari ya yi sanyi da asuba, sai ga ta ta dawo. Ka koma wurinsa, ya ce wata sabuwar matsala ce, ka sake biya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za a ce matsalar tururin tanki ba ta tsayar da mota a hanya. Gaskiya ne, mafi yawan lokaci ba ta yi. Za a ce man da ke gudu ta hudar rabin milimita bai taka kara ya karya ba. Wannan ma na yarda, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin cewa sabon murfi zai rage masa kuɗin mai da rabi ba. Direbobin Golf da Sharan na tashar Kazaure za su ce su tasu ba ta taɓa kawo irin wannan lamba ba. Haka ne, don dokar Turai ba ta tilasta gwajin huda irin na Amurka ba, ko da yake su ma gwangwanin gawayin yana jikinsu.

Amma duk wannan ya kauce wa maganar. Wutar guda ɗaya ce tak. Ita ce ta murfin tanki, ita ce ta kwayil, ita ce ta na'urar auna iskar salansa, ita ce ta ɗaruruwan matsaloli. Duk ranar da ka bar ta tana ci saboda ƙaramin abu, ka toshe bakin da babban abu zai yi maka magana da shi. Wannan shi ne kuɗin da kawu ya biya, ba tururin da ya gudu ba.

Sannan ƙaramin abun ma ba kullum yake ƙarami ba. Bawul ɗin zuƙa da ya maƙale a buɗe shi ke sa mota ta ƙi tashi nan take bayan an sha mai, ka tsaya kana ta murza makulli a gaban famfo, na baya suna maka hon. Ƙofar iska da ta toshe ita ke sa bakin famfo ya riƙa katsewa kowane daƙiƙa biyar, ka zargi yaron gidan mai da wasa da lita. Warin fetur da ke cika mota idan ta kwana a zaure ko a tsakar gida kuwa, a cikinsa akwai sinadarin benzin, wanda masana lafiya suka daɗe da tabbatar da cewa yana jawo sankarar jini. Yaran da ke kujerar baya su ke shaƙa.

Ba zan jibga wa bakanike laifin duka ba. Dattawan garejinmu a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, motar da ake gane ciwonta da kunne da tafin hannu. A wannan fagen ba a kai su ba. Mota ce ta canza a hannunsu, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu sabon yarenta, su kuma suka koya wa yaransu abin da suka sani. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga hukumar NADDC da aka ɗora wa raya harkar motoci a ƙasar nan. Kwas na sati biyu da Hausa, da yamma bayan an tashi daga gareji, a kan karanta lamba da bin diddiginta, ba abin da ya fi ƙarfinsu ba ne. Ƙungiyar kanikawa ta kowace ƙaramar hukuma kuma ta haɗa kuɗi ta sayi injin hayaƙi ko da guda ɗaya ne, a riƙa karɓa-karɓa.

Mu kuma fa? Mu ne muke cewa a yi mana "na maneji". Mu ne idan murfi ya ɓata muke cusa leda da tsumma. Mu ne kuma masu wannan ɗabi'a da na fi tsana: famfo ya katse da kansa, alamar tanki ya cika, sai mu ce a ƙara, har a kama mota ana jijjigawa don mai ya zauna, a ɗura har ya leƙo a baki. Wurin da kake cikawa an bar shi ne da gangan don tururi. Ruwan man da ya rasa wurin zama tiyon nan yake bi ya gangara cikin gawayi, gawayin da aka yi don tururi kawai. Ya jiƙe, ya farfashe, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya maƙale a bawul. Ka sayi ƙarin lita ɗaya, ka lalata gwangwanin da sai ka je Kano nemansa.

Wayar da kake karanta wannan da ita ta isa ta raba ka da rabin wahalar. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327, ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana cusa ta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ko Car Scanner ta nuna maka lambar. Ba za ta mayar da kai bakanike ba, amma za ka shiga gareji da sanin abin da motarka ta ce. In ma wurin mai kwamfuta ka je, kada ka bari ya goge komai sai ka ɗauki hoton allon. Ka tambaye shi me ya gwada kafin ya ce a sayi kaza. Idan lambar ta tururin tanki ce, ka fara da murfi: ka duba robarsa, ka goge bakin tankin, ka ɗaura har ka ji ya yi ƙas. In shi ne, wutar da kanta za ta mutu bayan mota ta ci gwajinta sau uku a jere, ba sai an zare batir ba.

Ta kawu haka ta yi a ɓangaren tanki. Aka sa kwayil, aka samo murfin Toyota na ainihi, P0455 ba ta sake dawowa ba. Indomin ce ta gagara. Wani yaro ya yi tayin ya fasa ta ya zazzage, har ya ce zai ba kawu canji a kai, don ya san masu saye saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Na ce masa in aka fasa ta wutar nan ta zauna ke nan har abada, mun koma gidan jiya. Kawu ya yi shiru, ya ce a bari sai bayan girbi.

Makon jiya na raka shi shan mai a hanyar Kazaure. Famfo ya katse. Na ga ya sa hannu a kan but zai fara jijjigawa, sai muka haɗa ido. Ya janye hannun ya sa a aljihu, ya ce wa yaron, "Bar shi haka nan, ɗan nan zai cika ni da wa'azi."