Sabbin motoci, tsohon gyara: matsalar 'misin' a garejin Zariya

Ɗaya daga cikin koke-koken da masu motoci suka fi kai wa kanikawa a unguwar Hanwa da kewayen Kwangila a Zariya shi ne mota tana rawa idan ta tsaya, tana fizga idan an taka totur, ga kuma shan mai fiye da ƙima.

Kanikawa kan kira wannan matsala 'misin', wato ɗaya ko fiye daga cikin silindojin injin ba ya ƙone man da aka zuba masa yadda ya kamata. A injin mai silinda huɗu, mutuwar guda ɗaya na nufin asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin motar.

A da, direba kan lallaɓa da hakan na tsawon makonni. To amma tun bayan da shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023, lissafin ya sauya. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 kafin lokacin, ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen shekarar 2024.

Daga ina matsalar take?

Abubuwa uku injin fetur ke buƙata kafin ya yi aiki: tartsatsin wuta, da gaurayen mai da iska daidai gwargwado, da kuma matsi a cikin silinda. Duk wanda ya gaza a cikinsu, alamar da direba zai ji kusan iri ɗaya ce.

A nan ne gizo ke saƙa. Kanikawa da yawa sun koyi sana'ar ne a kan motoci irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970, inda kunne da hannu kan isa a gano ciwo. Don haka sai a fara da sauya fulogi, idan ba a dace ba a koma kan koyil, daga nan a wanke nozul, mai mota kuwa yana ta biya.

Sai dai akasarin motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka suna ɗauke da kwamfuta. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin gano matsala da ake kira OBD-II, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001.

Idan aka jona na'urar gwaji, lambar P0302 na nuna cewa silinda ta biyu ce ke da matsala. Bakanike na iya musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta. Idan matsalar ta bi koyil ɗin, to an kama ɓarawon, idan kuwa ta tsaya a inda take, sai a duba fulogi da nozul, sannan a auna matsi.

Lambar P0300 kuwa na nuna cewa matsalar ba ta tsaya a silinda guda ba. A nan hankali kan koma ga abin da dukkansu suka yi tarayya a kai: famfon mai, ko matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe, ko kuma shi kansa man.

Gurɓataccen mai

Wannan zargi na ƙarshe yana da tushe. A watan Fabrairun 2022, shugaban kamfanin mai na NNPC na wancan lokaci, Mele Kyari, ya tabbatar da cewa an samu sinadarin methanol a cikin fetur ɗin da jiragen ruwa huɗu suka kawo daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Ya kuma ce gwajin da aka saba yi bai haɗa da auna wannan sinadari ba.

Masu motoci sun yi ta kukan lalacewar injina, janye man daga kasuwa kuma ya haddasa dogayen layuka na tsawon makonni. A irin wannan yanayi ne mutane kan koma wajen 'yan bumburutu, inda babu mai iya ba da tabbacin abin da ke cikin jarka. Sauya fulogi sau goma ba zai yi maganin tankin da ruwa ko kalanzir ya shiga ba.

Illar jinkiri

Idan fitilar injin da ke gaban direba ta fara ƙyaftawa, gargaɗi ne cewa man da bai ƙone ba yana kwarara cikin salansa, inda zai iya narkar da matatar hayaƙin da kanikawa ke wa laƙabi da 'indomi'. Wasu kan ba da shawarar a cire ta baki ɗaya, alhali hakan bai taɓa ainihin ciwon ba, illa dai ya ƙara guba a iskar da jama'a ke shaƙa.

Abin lura shi ne Zariya ba ta rasa masana ba. A nan ne Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, take tun 1986, ga kuma sashen koyar da aikin injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar 'yan mintoci daga Hanwa. Abin da ya rage shi ne yadda wannan ilmi zai isa ga yaran da ke koyon aiki a gindin bishiya, waɗanda da dama daga cikinsu ba su yi nisa a boko ba, alhali na'urar gwajin da Turanci take magana.

Kafin a kai ga haka, kariyar da ta rage wa mai mota ita ce ya nemi a auna kafin a kwance, kuma a nuna masa dalili kafin ya biya kuɗin kowane sabon ƙarfe.