Bakteriyar daddawa za ta iya kai magani inda ciwo yake?

Daddawar da kuke sakawa a miya, wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis ke sarrafa kalwa har ta zama ita. Idan abinci ya yanke mata, sai ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta yi barci. A haka take jure zafi, bushewa da tsamin ruwan ciki.

Wannan ɓawon ne ɗaliban jami'ar LMU ta Jamus suka gwada manna wa sinadaran furotin a gasar iGEM ta 2012. Burin irin wannan bincike shi ne magani ya wuce tumbi lafiya, ya sauka a hanji inda ake buƙatarsa.

Ina ruwan mutumin Dangoma? Yawancin alluran rigakafi sai da firij, wuta kuwa ba kullum ba. Maganin da ke jure zafin Kebbi zai iso ƙauye da ƙarfinsa.

Amma fa aikin yana matakin gwaji, kuma daddawa ba ta maye gurbin magani. Kada ku ajiye wanda likita ya rubuta muku. Duk sabon maganin da aka tallata muku, ku duba lambar NAFDAC, sannan ku tambayi likitanku.