Gansakukar teku: kafin asusu ya ba da bashin saro ta



Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da suka iso mana wannan watan, daga Maraɗi har Yamai, ita ce ta wani abu mai kama da kokon da ya daskare, wanda ake sayarwa cikin kwalba an rubuta Sea Moss a jikinta, wata kuma da Faransanci, mousse de mer. Akwai na ƙwaya, akwai busasshe mai kama da taliyar da ta cukurkuɗe. Masu tallarsa a WhatsApp da TikTok suna cewa yana ƙara jini, yana gyara fata, yana sa haihuwa, yana ƙara ni'ima, yana sauke hawan jini da ciwon suga, har maƙoƙo wai yana narkarwa. Wasunku so suke su san ko gaskiya ne. Wasu kuma, musamman shugabanni da ma'ajiya, tambayarsu ta fi nauyi: mamba ta nemi bashi daga akwati don ta saro shi ta sayar, a ba ta ko a hana?

Mu fara da sanin abin. Tsiro ne na ruwan gishiri, dangin gansakukar da muke gani a bakin tabki, sai dai ita ja ce ko ruwan ƙasa. Ta asalin tana manne da duwatsu a gaɓar tekun Atlantika mai sanyi, wajen Ailan da Faransa da Kanada. Talakawan Ailan sun daɗe suna dafa ta da madara, kuma ta taimaki wasunsu lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845. A Jamaika ana yin abin sha da irinta, a zuba madara da kayan ƙanshi, maza na sha da sunan ƙarin ƙarfi. Da yawa daga cikin wadda ke yawo a kasuwa yau ma ba ta asalin ba ce, wasu ire-ire ne da ake nomawa a ruwa mai ɗumi, a Indonesiya da Filifin da Zanzibar. A Zanzibar ɗin, tun wajen 1989, mata ƴan uwanmu ne suka fi riƙe wannan noma. Suna ɗaure ta a igiya tsakanin turaku idan ruwan teku ya janye, su cire, su shanya, su sayar wa kamfanoni a kan kuɗi kaɗan. Kamfanonin suna fitar da wani sinadari daga cikinta mai suna karajinan, wanda ake sa wa askirim da madarar kwali da man goge baki don su yi kauri. Wato mai yiwuwa kin riga kin sha ta ba sau ɗaya ba, ba ki sani ba, ba kuma wanda ya caje ki kuɗin magani.

Maganar da ta fi jan hankali a tallar ita ce wai tana ɗauke da sinadarai 92 daga cikin 102 da jikin ɗan Adam ke buƙata. Wannan lissafi ya yaɗu ne daga mabiyan wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasar Honduras, Alfredo Bowman, wanda ake kira Dr. Sebi ko da yake ba shi da takardar likitanci. Ya rasu a 2016. Ba a littafin ilimin abinci aka samo lissafin ba. Sinadaran ƙasa da aka tabbatar jiki ba ya iya rayuwa sai da su ba su kai talatin ba, irin su ƙarfe da kalsiyam da zink da ayodin. Ruwan teku kuwa akwai ɗigon kusan komai a cikinsa, har da dalma da arsenik, waɗanda guba ne. To idan aka ce miki abu yana da sinadarai 92, tambayar da ta dace ita ce: waɗanne ne, kuma nawa ne a cikin cokali guda?

Bari mu auna da ƙarin jini, tunda shi ne damuwar da yawanmu, musamman masu ciki da masu goyo. Bisa teburin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka, cokali biyu na ɗanyar gansakukar, wato giram 10, ba su kai miligiram ɗaya na sinadarin ƙarfe ba. Mace mai ganin al'ada tana buƙatar kamar miligiram 18 a rana, mai ciki 27. Kuma wannan lissafin ɗanyar ce. Ta kwalba an jiƙa ta, an markaɗa da ruwa mai yawa, mafi yawan abin da kike saye ruwa ne. Ita kuwa ƴar jar ƙwayar nan da ake ba mu wajen awon ciki, wadda wasunmu ke jefawa ƙarƙashin katifa don tana sa tashin zuciya, akasari miligiram 60 ne a cikinta, haɗe da folik asid mai kare jariri. Kwano guda na wake da kwaɗon zogale ya fi cokulan nan biyu ƙarfe, balle a ce an samu ƴar hanta ranar kasuwa.

Ba mu ce babu komai a cikinta ba. Tana da yauƙi irin wanda ke taimaka wa hanji, kamar yadda kuɓewa da kuka da lalo ke yi. Kuma masana sun yi gwaje-gwaje sun ga wasu alamu masu kyau, amma kusan duk a ɗakin bincike ne, a kan ƙwayoyin halitta cikin kwalba, da ɓeraye, da wasu ƙananan tsutsotsi. Tsakanin ɓera da mace mai ƴaƴa shida akwai tafiya. Babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna tana sa haihuwa, ko tana warkar da suga, ko tana maye gurbin maganin hawan jini.

Inda muke so mu ɗan daɗe shi ne batun ayodin, don nan ne gaskiya da haɗari suka haɗu. Gaskiya ne tsirran teku suna da ayodin. Gaskiya ne kuma rashinsa yana kawo maƙoƙo, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, kuma mu da ke nesa da teku mun san wannan matsala. Sai dai abin da jiki ke so ɗan mitsitsi ne: maikurogiram 150 a rana ga babba, 250 ga mai ciki ko mai shayarwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Idan ya yi yawa, ƙululun nan na wuya da ke sarrafa shi yakan rikice. Wata sai ta ji zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, zufa, rama, barci ya ƙi zuwa. Wata kuma akasin haka, kasala da nauyin jiki. Har maƙoƙon kansa yawan ayodin na iya kawo shi. An ga haka a gaɓar tsibirin Hokkaido na Japan, inda mutane ke cin tsirran teku da yawa. Hukumomin Turai sun sa iyaka a maikurogiram 600 a rana, na Amurka 1,100.

Matsalar ita ce ba ki san nawa ke cikin cokalinki ba. Yawan ayodin yana bambanta daga iri zuwa iri, daga wannan ruwa zuwa wancan, daga wannan lokaci na shekara zuwa wani. Wasu ƙwayoyin ma ana gauraya su da wani tsiron teku na dabam wanda ya fi ta ayodin nesa ba kusa ba. Shi ya sa mai maƙoƙo, da wadda ke shan maganin ƙululun wuya, da mai ciki, da mai shayarwa, su ne ya kamata su fi kowa nisantarta sai da izinin likita. Abin takaici, su ɗin ne aka fi yi wa tallar. Jarirai kuwa kada a ba su ko lasa.

Ayodin ɗin da muke buƙata yana cikin gishirin leda mai alamar an ƙara masa shi, na dala kaɗan. Gishirinmu na gargajiya, na Bilma ko na Foga, ba a ƙara masa ba sai in an yi hakan da gangan. A ajiye na ledar cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da laima da bakin murhu, don ayodin yana gudu idan aka bar shi a buɗe.

Sai batun wanda ya duba kayan kafin su iso hannunki. Tsiron teku yana tsotse abin da ke cikin ruwan da ya girma, mai kyau da marar kyau. Idan ruwan kusa da masana'antu ne ko magudanar birni, zai kwaso dalma da makamantanta. Wasu suna ganin an rubuta Amurka a jikin kwalba sai hankalinsu ya kwanta. A can ɗin ma, bisa dokarsu ta 1994, irin waɗannan kayan ƙarin abinci ba sa bin tantancewar da magani ke bi kafin a fitar da shi kasuwa. Kamfani ne ke yin abinsa ya sayar, hukuma ta biyo baya idan an samu matsala. To ina ga wadda aka markaɗa a ɗakin wata a Kwatano ko Legas, aka liƙa mata takarda mai kyau, ta kwana uku cikin mota kafin ta iso Damagaram?

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wannan magana da muke ji: "Ai na bar ƙwayar likita, yanzu na halitta nake sha." Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya jin garau wata biyu bayan ta bar magani, ta ɗauka kwalba ce ta yi aiki, alhali jinin yana can yana hawa, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Haka suga, yana cin ido da ƙoda da ƙafa a ɓoye. Duk wadda ke son ta gwada wani abu, ta ci gaba da maganinta, ta ɗauki kwalbar ta kai wa ma'aikacin lafiya ya karanta abin da aka rubuta. Busasshiyar kuma sau da yawa da gishiri jingim take zuwa, mai hawan jini ta san da haka.

Yanzu ga shugabanni da ma'ajiya. Ku ajiye batun lafiya gefe na ɗan lokaci, ku dube ta a matsayin haja kawai. Mu ɗauki misali: a ce mamba ta karɓi jika sittin, ta saro kwalba goma a jika shida-shida, da niyyar sayarwa jika takwas-takwas. A takarda ribar jika ashirin ce. Amma ta kwalbar ba ta jure zafi. Ko cikin firigo, mako biyu zuwa uku ne ta fara tsami da fumfuna, kuma mun san yadda wuta take a watan Afirilu da Mayu. Idan ta sayar da shida, huɗu suka lalace, jika arba'in da takwas ke hannunta, ko uwar kuɗin ba ta fito ba, ga ɗan abin da ƙungiya ke ɗorawa, ga ranar biya ta zo. Tiyar gero ko wake ko buhun gyaɗa in ba su fita yau ba, suna nan har farashi ya tashi, in ta ƙi ma a ci a gida. Kuma mata nawa ne a unguwarku za su iya fitar da jika takwas kowane wata don kwalba guda? Su waye masu sayen, in ba mu ɗin nan da ke zaune kan tabarma ɗaya ranar zubi ba? Kuɗin zai fito daga akwati, ya bi ta hannun ƴar uwa, ya tafi wajen dillali, ya bar mu da kwalaben wofi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin magatakarda. Ba a sayar da wannan haja da cewa "ga ɗan abin sa wa kunu kauri". Wanda zai ba da jika takwas alkawarin waraka yake saye. Mai sayarwa dole ta maimaita abin da dillali ya faɗa mata, ta ce wa wadda ta shekara bakwai tana neman haihuwa ga mafita, ta ce wa tsohuwa mai suga ga sauƙi ya zo. Idan wata uku suka wuce shiru, ba dillalin Legas za a tuhuma ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe akwatunan nan shi ne kowace ta yarda da maganar ƴar uwarta. Mun ga ƙungiyoyin da suka jure fari da tsadar hatsi, amma zargi tsakanin mambobi biyu ya watsa su kafin ranar rabo.

Ra'ayinmu shi ne kada akwati ya ba da bashi don wannan haja. Ba hana mamba neman na kanta ba ne, kuma ba sai an kunyata ta a gaban taro ba. Shugaba ta ja ta gefe, ko a zauna a yi lissafin tare a fili: a ina za ki ajiye, kwana nawa take yi, wa zai saya karo na biyu, me za ki ce tana yi? Sau da yawa mai neman bashin da kanta za ta sauya shawara kafin a kai tambaya ta uku. Idan sana'ar kayan gina jiki take sha'awa, ga garin zogale da aka shanya a inuwa, ga garin kunun yara na gero da wake da gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, kayan da muka san inda suka fito, ba sa buƙatar firigo, masu saye kuma suna dawowa.

Wadda kuma ke da hali, lafiyarta ƙalau, ba ciki ba goyo ba ciwon wuya, take son ta ɗanɗana da kuɗin aljihunta, cokali guda jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne. Ta duba ranar da aka yi ta, ta shinshina kafin ta sha, in ta ji tsami ko ta ga ɗigon fumfuna ta zubar da kwalbar duka, kada ta kwashe saman ta sha na ƙasa.