Hushi Yana da Wa'adi

Ranar zubi, in aka buɗe akwati aka tarar wata ba ta maido bashi ba, mako na uku ke nan, abin da ke fara tada hankali bakinmu ne. Wata ta ce an gan ta da sabon zane ranar suna, wata ta ƙara gishiri. Kafin la'asar zance ya shiga WhatsApp, ya kai kunnen uwar mijinta. Jika biyar ɗin a ƙarshe ana biya, amma magana zarar bunu ce.

A wannan fitowar mun duba abin da ƴan'uwanmu Kirista ke koyarwa a kan hushi da kama baki. Muna zubi tare da su a Maradi da Galmi da Dogon Dutse da Yamai, ya kyautu mu san abin da suke ji a majami'a.

Na farko dai, Littafi Mai Tsarki bai hana jin hushi ba. Linjilar Markus sura 3 ta nuna Yesu Almasihu da kansa ya husata da taurin zuciyar mutane. Wasiƙar Bulus ga Afisawa sura 4 ta yarda mutum zai ji hushi, sai dai ta yanka mishi wa'adi: a gama da shi kafin rana ta faɗi. Wannan ya taɓa mu, don da yawanmu an tashe mu a kan cewa haƙuri shi ne haɗiye magana. To wadda ta yi shiru a taro, ta koma gida ta yi wata uku tana gaba, ba ta kama kanta ba. Ajiyar hushin kawai ta yi, yana ta haihuwa.

Wasiƙar Yakubu sura 3 ta kwatanta halshe da linzami, ɗan ƙarfen da ke juya doki, da kuma ɗan tartsatsin da ke cinye kurmi. Matan Dakoro da Abalak, da suka san wutar daji bayan ciyawa ta bushe, ba sai an yi musu bayani ba. Shi ya sa Kirista ke lissafa kamun kai cikin abin da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa a zuciya, suna roƙon shi cikin addu'a, ba su dogara da ƙarfin hali kaɗai ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne Matiyu sura 18, don can aka jera matakai. In ƴar'uwa ta yi miki laifi, ki same ta ke da ita, ba kowa. In ba ta ji ba, ki koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in wannan ma ya faskara a kai gaban jama'a. Kuma manufar ita ce a maido ta cikin zumunci. Mu fa? Daga jama'a muke farawa, mai laifin ita ce ta ƙarshen ji! Alhali da an je gida, wataƙila a tarar ɗiyarta na kwance asibiti, ko akuyar da ta saya da bashin ta mutu. In ma ba ta da hujja, wadda aka kunyata gaban mata talatin kare kanta za ta yi, ko da ta san ita ce da laifi. A ɗaka kuwa tana iya cewa "Gaskiyarki, Yaya, ku ba ni zuwa kasuwar Juma'a."

Kada a ce mun ce a ɓoye lissafi. Kuɗin akwati na kowa ne, ana ƙirga su a gaban kowa, tara kuma tana nan yadda doka ta ce. In kuɗi suka ɓace, wannan zancen taro ne tun ranar farko. Abin da muke so a ɗauke daga tabarmar taro shi ne tonon silili da habaici da "ai dama halin gidansu ne".

Shawararmu ga shugabanni: in suna ya fito cikin masu jinkiri, ma'aji ta faɗi adadi da ranar biya, a wuce gaba. Kafin magariba shugaba, ko wata dattijuwa da ake jin maganarta, ta taka zuwa gidan ita kaɗai, waya kuma tana cikin jaka.