Taurin Bayan Gidan Yara: Maganin Ba A Roba Yake Ba

A 'yan shekarun nan duk wanda ya leƙa kemis-kemis na garin Tamale, ko ya saurari masu talla da lasifika a tashar mota, zai lura da wani kaya da ya samu shiga wajen iyaye mata, wato gari da ƙwayoyi da alawa mai danƙo waɗanda ake cewa daga 'ya'yan itatuwa da ganyaye aka tace su, wai suna sassauta cikin yaron da bayan gida ya yi wa tauri. Robar ga kyau, ga hoton tuffa da inabi a jiki, kuɗinta kuwa ya isa cefanen miya na kwanaki. Mu dai a ganinmu an sayar wa iyaye tsada ne kawai.

Ba mu muka ƙaga wannan magana ba. A shekarar 2014 ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da na Arewacin Amurka suka tace binciken da ake da shi, suka ce ba su ga hujjar da ta nuna cewa ƙarin faiba na roba yana warkar da wannan matsala ga yara ba. Abin da suka ce a yi shi ne yaro ya samu faiba da ruwa daidai ƙima a cikin cimarsa. Faiba kuwa ita ce ɓangaren ganye da wake da dusar hatsi wanda ciki ba ya narkarwa, shi ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi ƙimar a 2023: yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na ganye da 'ya'yan itace a rana, mai shekara 6 zuwa 9 kuma giram 350. To wace alawa ce za ta cike wannan mudu? A kasuwar Aboabo kuwa ga ayoyo, ga alayyafo, ga kuɓewa, ga kuka da zogale, ga wake na tubani, ga gwanda da kankana, ga mangwaro da ke zuba har ya ruɓe idan lokacinsa ya yi. Masu lambu a Gumbihini suna nan suna ban-ruwa. Amma mun bar yara a kan biskit da farin burodi da taliyar leda da lemun kwalba, in an zuba musu tuwo kuma sai a ɗiga miya kamar ana rowa.

Sai dai abinci rabin zance ne. Galibin yaran da ke fama da wannan abu ba wata cuta ce a hanjinsu ba, riƙewa suke yi. Yaro ya yi bayan gida mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, gobe sai ya matse. Muddin kashi na zaune a hanji, hanjin na tsotse ruwan da ke cikinsa, sai ya ƙara bushewa, fitarsa ta ƙara zafi, tsoro ya ƙaru. A haɗa wannan da ɗan makarantar da ke wuni bai zaga ba saboda ban-ɗakin makaranta ba ya shiguwa, ko ma babu shi, sannan ga zafin watan Maris da Afrilu, ga famfo ya ɗauke a unguwa ana tsimin ruwan jarka. Wannan yaro ko an ɗura masa roba goma ba abin da zai sake. Abin da yake bukata shi ne ruwan sha a jakarsa, da a zaunar da shi a fo na 'yan mintuna bayan cin abinci, ba tsawa ba duka.

Akwai kuma abin da ya fi robar haɗari, wato bentuwa, inda ake matsa wa yaro ruwan citta da barkono ko na sabulu ta dubura. Mun san kakanni sun yi, amma yana ƙona fatar hanji, bakin abin kuma yana iya yi wa jariri rauni. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi, kuma mai shan nono yakan kwana biyu ko fiye bai yi kashi ba, in dai da laushi ya fito ba abin damuwa ba ne.

Idan abin ya ɗauki makonni, ko ana ganin kashi na zurarowa a wando, to asibiti za a nufa, domin akwai magungunan tausasawa irin su lactulose da likita ke bayarwa da awo, wani lokaci har na watanni. Jaririn da ya yi awa 48 da haihuwa bai yi kashin farko ba, ko yaron da cikinsa ya kumbura yana koren amai, ko ba ya ƙara nauyi, wannan kada a kwana, a kai shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Tamale.

Muna kira ga Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana da ta sa ido kan masu tallar ƙarin abinci da sunan magani, musamman a gidajen rediyo da tashoshin mota. Shirin ciyar da 'yan makaranta kuma, wanda aka fara tun 2005, ya kamata masu dafa masa abinci su riƙa sayen ganye a hannun masu lambun garin nan, hukumomin ilimi su kuma duba ban-ɗakunan makarantun firamare kafin zafi ya shigo.